Kare a Ƙofa, Kyanwa a Ɗaka

Duk wanda ya zauna a Hotoro, ya kuma saba fitowa sallar asuba tun kafin motocin dakon mai su fara jerin gwano a bakin defo, ya san cewa daren unguwar nan ba na mutane kaɗai ba ne, domin a bayan katangu karnuka ke kwana suna haushi, a bisa katangun kuwa kyanwoyi ke kai da kawo ba mai ce musu kanzil. Ni kaina na riƙi dabbobin nan biyu a gida ɗaya shekaru da dama, abin da kuwa na gani shi ne mun ba kyanwa ƙauna ba mu ɗauki nauyinta ba, mun ɗora wa kare aiki mun hana shi ƙauna, alhali kowannensu yana da haƙƙi a wuyan wanda ya ajiye shi.

Kyanwar gidanmu ba wanda ya kawo ta. Da damina ta shigo, ta leƙa madafa, ta ga akwai ɓera a bayan buhunan masara, ta yi zamanta. Ba a daɗe ba uwargida ta buɗe akwatin zannuwanta ta tarar da 'ya'ya huɗu a kwance, idanunsu ba su buɗe ba, uwar tana lasarsu ɗaya bayan ɗaya. Maimakon faɗa sai ta ɗauko tsumma ta shimfiɗa musu. Shi kuwa kare, sai da ɓarayi suka haura mana sau biyu sannan na nemo shi yana ɗan kwikwiyo, tun daga ranar nan kuma hidimarsa ba ta yanke ba: a ba shi abinci da ruwa, a cire masa kaska, a share kashinsa, a ba maƙwabta haƙuri. Amma idan na dawo da dare, tun ban ɓullo lungu ba ya riga ya gane tafiyata yana kaɗa wutsiya, ita kuwa ko ɗaga kai ba ta yi, sai fa in ta ji ƙamshin kifi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda al'adarmu ta fi fiƙihunmu tsanani a kan kare. A mazhabar Imamu Malik, wadda a kanta malaman Kano suke karantarwa tun zamanin da, kare mai rai ba najasa ba ne, haka ma yawunsa, wanke ƙwarya sau bakwai idan ya yi lallagi a cikinta kuwa malamanmu sun ɗauke shi ta'abbudi, wato bin umarni kawai, saɓanin Shafi'iyya da suka ɗauki kare najasa mai kauri. Alƙur'ani mai girma ya halatta abin da dabbar farauta horarriya ta kamo a Suratul Ma'ida, ya kuma ambaci karen As'habul Kahfi kwance a bakin kogo. Gaskiya ne hadisai ingantattu sun nuna cewa mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da kare yake ciki, ladan mai riƙonsa ba don farauta ko kiwo ko gona ba kuma yana raguwa kullum, wannan ne ya tsayar da shi a ƙofa. Amma tsayuwa a ƙofa daban, jifa da dutse daban. Kyanwa kuwa ta sami shaida a Muwaɗɗa, a ƙissar Abu Ƙatada da ya karkata mata ruwan alwalarsa ta sha, ga kuma alkunyar Abu Huraira, Allah Ya yarda da su.

Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai Risala, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya hana ajiye kare a gidajen birni a cikin littafinsa, sai dai masu sharhi sun ruwaito cewa da katangarsa ta faɗi shi da kansa ya ajiye, da aka tuna masa karhancin da Malik ya gani, ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Wannan ƙissa takan faɗo mini a rai duk sa'ad da na bi ta Bompai ko Sharada ko Challawa da dare, inda za ka ga masana'antar da ta daina aiki, injuna na tsatsa a ciki, ba kowa sai dattijon maigadi da tocila da kare. Lalura ce ta haɗa su, ba shakka. Sai dai na taɓa ganin wani kare an ɗaure shi da sarƙa a tsakar ranar bazara, kwanon ruwansa a kife, harshe waje, na tuna da wanda aka gafarta wa domin ya shayar da kare da takalminsa, raina ya ɓaci ƙwarai.

Wajen haɗari kam kare ya fi, domin cutar haukan kare, in alamunta suka bayyana a jikin mutum, da wuya a tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 59,000 ke mutuwa da ita kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, ko da yake tun 1885 Louis Pasteur ya fara yi wa mutum rigakafinta a Faransa, cibiyar binciken dabbobi ta Vom kuma tana yin allurar karnuka. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya nufi asibiti a ranar.

Ita kuwa kyanwa, da yake ba mai cewa tasa ce, ba mai kai ta wurin likitan dabbobi, in ta cika haihuwa a zuba 'ya'yan a buhu a kai bola, in baƙa ce a camfa ta da aljanu, in muzuru ya ɗauki ɗan tsako a bi shi da taɓarya, kamar ba mu ne muke karanta hadisin matar da ta shiga wuta saboda tsare kyanwa da yunwa ba. Daga cikin huɗun nan da aka haifa a akwatin uwargida, biyu maƙwabta sun karɓa, ɗaya ta mutu da sanyin hunturu, ta huɗun tana nan, takan sha ruwa a kwano ɗaya da karen idan rana ta take.