YADDA A KE FANSO KEKE A BIRNIN TOKIYO

A Tokiyo, babban birnin ƙasar Japan, in mutum ya jingine kekensa a bakin tashar jirgin ƙasa, ya tafi wurin aiki, da maraice ya komo ya tarar wayam, ba ya fara zargin ɓarawo. Sai ya duba ƙasa ko jikin allon sanarwa, domin galibi Hukuma ce ta kwashe, ta kuwa bar rubutu mai nuna ranar da aka ɗauka da inda aka kai.

Asalin abin kuwa shi ne, mutanen birni su kan hau keke daga gida zuwa tasha, su bar shi nan su shiga jirgi. A 1981, da aka ƙidaya kekunan da aka yasar a bakin tashoshin ƙasar duka, sai aka sami kusan miliyan ɗaya. Makaho ba ya samun hanya, motar asibiti da ta kashe gobara ba su iya kusatowa. An kafa dokar kekuna a 1980, aka ƙara mata ƙarfi a 1993, har hukumomin gari suka sami cikakken ikon kwashewa da ajiyewa. Daga 1994 kuma ya zama tilas kowane keke a yi masa rajista, a manna masa lamba wadda 'yan sanda ke riƙe da sunan mai ita. Wanda ya san lasin keke na zamanin En'e ba zai ga baƙon abu a nan ba, sai dai wannan lamba don gane mai keke aka yi ta.

To, ga yadda a ke fansa. Ma'aikata su kan fara liƙa takardar gargaɗi a jikin keken. In ba a zo ba, sai su yanke sarƙar da aka ɗaure shi da ita, su loda a mota, su kai ma'ajiya, wadda sau da yawa tana can nesa da tashar. Sarƙar da aka yanke ba a biyan diyyarta. Mai keke sai ya je da kansa, da mabuɗin keken, da takardar shaida mai sunansa, da kuɗin fansa. Tsakiyar Tokiyo unguwa 23 ce, kowace da hukumarta da abin da ta yanka, a waɗansu har yen 5,000. Amma wanda aka sace wa keke, ɓarawo ya yasar a tasha, in dai ya riga ya kai ƙara wurin 'yan sanda kafin ranar kwashewa, a kan yafe masa.

Babban abin tsoro shi ne jinkiri. Yawancin ma'ajiyoyin nan kamar wata guda su ke riƙe keke, sa'an nan su na iya sayarwa ko rushewa. Bayan wata 6 da yin sanarwa kuwa, doka ta mallaka wa Hukuma shi ɗungum. Waɗansu kekunan da masu su ba su waiwaya ba, an gyara su an aika Afirka, an raba wa ungozomomi da ma'aikatan lafiya na ƙauyuka.

A nan ne amfanin rajista ya ke bayyana. Keken da ke da lamba, akawun ma'ajiya ya kan nemi sunan mai shi wurin 'yan sanda, ya aika masa da takarda har gida. Wanda ya sayi tsohon keke a hannun wani bai sake suna ba, takardar can za ta tafi gun mai shi na dā, shi kuwa yana zaune yana ta zagin ɓarawo har kwanakin su ƙare. Saboda haka duk ɗalibi ko ma'aikacin da tafiya ta kai shi ƙasar, ranar da ya sayi keke, ran nan ya sa a rubuta shi da sunansa, ya kuma tambayi inda aka halatta ajiyewa.