Zinaren Anka da Bukkuyum: Ina Tarihinsa Yake?

Da yawa daga cikinmu ta dalilin gubar dalma muka fara jin sunan Bagega. A shekarar 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka tarar yara na ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma. Masu haƙar zinare kan kawo duwatsu cikin gida a niƙa, ƙurar mai ɗauke da dalma kuwa ta bi ƙasar da yara ke wasa a kai. Sama da yara 400 suka rasu.

Amma haƙar zinare ta girmi wannan masifa nesa ba kusa ba. Tun wajen 1913 aka fara ta a Nijeriya ƙarƙashin Turawa, ta bunƙasa a shekarun 1930, Yaƙin Duniya na Biyu ya durƙusar da ita. Tashin farashi a kasuwar duniya ne ya sake cika ramuka da mutane.

To, a ina za mu nemi labarin? Sai a 1996 Zamfara ta zama jiha. Kafin nan tana cikin Sakkwato. Saboda haka takardun zamanin Turawa da ke Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, ƙarƙashin Lardin Sakkwato za mu duba su.

Sai dai fa Bature haraji da lasisi suka fi damunsa. Labarin leburan da suka shiga rami yana bakin tsofaffi da fadar dagatai, ga shi rashin tsaro ya kori da yawansu daga ƙauyukan zuwa Anka da Gusau.