Iznik: Garin da Ganuwarsa Ta Yi Masa Yawa

Wanda ya sauka a tashar motar Iznik bai san labarin garin ba, ba zai ga abin a-zo-a-gani ba a kallon farko. Ƙaramin gari ne a lardin Bursa, arewa maso yammacin Turkiyya, zaune a gabashin wani tafki mai tsawon kilomita kusan 32, gonakin zaitun sun kewaye shi. Dattawa na shan shayi a bakin titi, taraktoci na wucewa. Amma ka lura da inda taraktan ya bi ya fita gari: ta gefen ƙofar da Rumawa suka gina kusan shekara dubu biyu da suka wuce. A Iznik kayan tarihi ba a killace suke wuri guda ba, a cikinsu mutane ke kwana suna tashi, shi ya sa mai gaggawa yakan taka su ya wuce bai sani ba.

Tsohon sunan garin Nikiya. Ɗaya daga cikin kwamandojin Iskandar Mai Girma, Antigonas, shi ya kafa shi wajen shekara ta 316 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), daga baya abokin hamayyarsa Lisimakas ya ƙwace, ya raɗa masa sunan matarsa. Tsarin da suka yi wa garin yana nan: manyan tituna biyu, ɗaya kudu da arewa, ɗaya gabas da yamma, sun gitta juna a tsakiya, kowanne ya nufi ƙofa. Baƙo ba ya ɓata a nan ko da ya so.

Da ganuwa ya kamata a fara. Kewayenta ya kusa kilomita 5, da hasumiyoyin tsaro fiye da 100. Ƙofar Istanbul da ke arewa da Ƙofar Lefke da ke gabas su suka fi tsira. Kada ka tsaya daga nesa ka ɗauki hoto ka juya; matsa ka dubi duwatsun. Za ka ga guntun ginshiƙin marmara an kwantar da shi a jikin bango kamar azara, ga dutse mai rubutun Girkanci an sa shi a kife, don maginin bai damu da abin da aka rubuta ba, faɗin dutsen yake so. Da rundunar Umayyawa ta yi wa garin ƙawanya a 727, aka shiga gyaran ganuwa da duk abin da hannu ya kai gare shi, har da duwatsun tsohon dandalin wasanni na Rumawa. Shi ma dandalin yana da nasa abin dariya. Tun ana cikin gininsa gwamnan lardin, Filini Ƙarami, ya rubuta wa Sarki Tarajan yana kukan cewa an narkar da kuɗi fiye da miliyan goma na kuɗin zamanin, aiki bai ƙare ba, ga bango ya fara tsagewa. Ashe ciwon kwangila tsoho ne.

Ganuwar nan da tafkin su suka riƙa ceton garin. A 1097 mayaƙan Salibiyya suka kewaye shi, lokacin yana hedikwatar Saljuƙawan Anadolu. Mayaƙan sun tsare ƙasa ta ɓangare uku, amma abinci na shigowa ta ruwa. Sai da Sarkin Rumawa Aleksiyos, abokin ƙawancen mayaƙan, ya sa aka jawo jiragen ruwa ta tudu, a kan amalanke, aka zuba su cikin tafkin, sannan mutanen gari suka san ta ƙare. Su kuwa suka yi dabara: suka miƙa wuya ga sarkin a asirce. Gari ya waye, mayaƙan da suka shafe makonni suna zubar da jini suka tarar da tutocin Rumawa a kan ganuwa, ba ganima, ba ko damar shiga sai ƙungiya-ƙungiya.

A mahaɗar manyan titunan nan biyu Ayasofiya take, takwarar ta Istanbul amma ƙarama ƙwarai. Sai ka gangara kafin ka shiga, don ƙasar gari ta taru ta fi daɓenta tudu. Mutane da yawa suna zaton a nan aka yi mashahurin taron Nikiya na 325, wanda Sarki Kustantin ya tara manyan limaman Kirista wajen 300 don warware saɓanin da koyarwar Ariyus na Iskandariyya ta haifar game da matsayin Annabi Isa. A fadar sarki aka yi wancan. Wanda aka yi a wannan gini shi ne na 787, kan halaccin ajiye hotuna a majami'u. Da Orhan Gazi, sarki na biyu a Daular Usmaniyya, ya ci garin a 1331, ya mayar da ginin masallaci. Yau a ɗaki ɗaya za ka ga matakalan da limaman coci ke jeruwa a kai, da ragowar wani zane da ya koɗe a jikin bango, da mihirabi a karkace don ya fuskanci alƙibla. Tun 2011 aka koma yin salla a ciki, saboda haka mai ziyara ya kiyaye lokacin jam'i.

Jim kaɗan bayan cin garin Ibn Baɗuɗa ya iso, ya tarar da shi kusan kango, mutane ƙalilan, gonaki da lambuna a cikin ganuwa. Matar Orhan ce ta karɓe shi, ya kuma yi kwana kusan arba'in saboda dokinsa ba lafiya. Shi ne dai matafiyin da bayan shekara ashirin da 'yan kai ya sauka Takedda a ƙasar Nijar ta yau, har ya ambaci Gobir cikin wuraren da ake kai tagulla. Daga wannan kango Usmaniyawa suka ɗora. A nan suka buɗe makarantarsu ta farko, Dawud al-Ƙaisari ne malaminta. Masallacin Haji Ozbek na 1333, ɗan ƙarami mai ƙubba ɗaya, yana cikin mafi tsufan masallatansu. Ga Koren Masallaci da aka gama a 1391, da gidan ciyar da matafiya da Murad na Ɗaya ya gina a 1388 da sunan mahaifiyarsa Nilufar Hatun, wanda daga baya aka mayar gidan tarihi. 'Yan Ƙadiriyya kuma suna da wanda za su gaisar: kabarin Shehu Ashrafoglu Rumi, wanda ya yaɗa ɗariƙar a Anadolu a ƙarni na 15.

Abin da ya fi kai sunan Iznik nesa shi ne tayil da tangaran. Daga ƙarshen ƙarni na 15 masu sana'ar garin suka ƙware wajen kwaɓa garin farin dutse mai sheƙi da 'yar laka kaɗan, su zana furanni da shuɗi da kore, daga baya suka gano wani ja mai kauri wanda in ka shafa za ka ji tudunsa a yatsa. Masallacin Sultan Ahmad na Istanbul kaɗai ya ci tayil fiye da 20,000. To amma fada ta ƙayyade farashi ta ƙi ƙarawa, kayan aiki na ta tsada, sai inganci ya faɗi, sana'a ta bi shi. Matafiyi Awliya Chalabi da ya zo a 1648 ya ƙirga gidajen sana'ar tara kacal. Abin takaici, wanda ke son ganin tayil ɗin Iznik na asali da yawa, Istanbul zai je. A garin da aka gasa su sai ramukan gashin da aka tono, da gutsattsari a gidan tarihi. Ko na jikin hasumiyar Koren Masallaci ba na farkon ba ne. An farfaɗo da sana'ar a shekarun 1990, shaguna sun cika, amma ka tambaya da kyau: mai arha yawanci laka ce zalla, na gaske yana da nauyi a hannu, da nauyi a aljihu.

Daga Istanbul, jirgin ruwa ake shiga zuwa Yalova, sannan ƙaramar bas ta kai ka cikin awa guda ko fiye kaɗan. Wuni ɗaya a ƙafa ya isa, amma ka bar la'asar don bakin tafki, inda ake soya tarwaɗa. A nan ne a 2014 hotunan da aka ɗauka daga sama suka nuna siffar wata majami'a kwance ƙarƙashin ruwa, mita kusan 20 daga gaɓa, wadda ake jin girgizar ƙasa ta 740 ce ta rusa ta. A gefenta Fafaroma Leo na 14 ya tsaya a Nuwamban 2025, cikar shekara 1,700 da taron Nikiya na 325. Lokacin da aka gano ta, sai da kayan ninƙaya ake kaiwa gare ta. Yanzu fari da yawan jan ruwa sun sa tafkin ya ja da baya, har harsashinta ya fito fili, ana kallonsa daga tudu.