Dalmar Maharbi da Ƙurar Tsakar Gida

A ƙarshen watan Oktoba na 2014 garin Mubi ya faɗa hannun Boko Haram, jama'a suka yi ta kwarara zuwa Yola da Jimeta, wasu a mota wasu a ƙafa. Cikin Nuwamba aka ƙwato garin, kuma babu ɗan Adamawa da zai ba da wannan labari ya tsallake mafarauta da 'yan banga, waɗanda suka fito da adaka da kwari da baka suka dafa wa sojoji. Tun daga lokacin martabar maharbi ta ɗaukaka, har sunan Aisha Bakari Gombi ya kai jaridun Turai. Da satar mutane ta biyo baya, samarin da iyayensu ba su taɓa riƙe bindiga ba suka fara shiga ƙungiyoyin farauta da sintiri. Yau saurayi ɗan unguwar Bako a cikin garin Yola, ko ɗan Ngurore ko Namtari, yana iya durƙusawa gaban dattijon maharbi yana koyon abin da a da sai dai a gada.

Adaka ta baki ake yi mata ɗuri, abin da take ci kuma ba a kanti ake sayo shi ba. Shi ya sa sabon shiga ba ya daɗewa sai ya haɗu da dalma. Ba a banza maharban duniya suka zaɓe ta ba. Tana narkewa a zafin digiri 327, alhali baƙin ƙarfe sai ya haura 1,500. Idan aka ɗauki dunƙulen dalma da na ƙarfe masu girma ɗaya, na dalmar ya fi nauyi da kusan rabi, ƙaramin abu mai nauyi kuwa ya fi keta iska. Ga ta da laushi, ba ta kankare cikin bututu. Nauyin nan da sauƙin narkewar su ne suka sa masuntan Binuwai da na tafkin Geriyo ke ɗaura ta a bakin birgi.

Abin da ke fara damun mai koyo shi ne girman harsashi. Da albarushi ya kama, kafin ƙiftawar ido ya rikiɗe ya zama iska mai zafi da ƙarfin gaske, ita ce ke tunkuɗa harsashin. In harsashin ya yi wa bututu kaɗan, iskar ta sulale ta gefe, ƙarfin ya ragu, zafin ya shafe dalma a jikin bututun, harbin ya karkace. In ya matse fiye da kima, ko wani abu ya toshe hanya, ƙarfin ba shi da wajen zuwa sai jikin bindigar. A Ingila tun 1813 aka kafa gidan gwajin bindigogi a Birmingham, inda ake jarraba bututu da ɗurin da ya wuce na kullum kafin a buga masa hatimi. Bututun adaka da maƙeri ya haɗa bai ga irin wannan gwaji ba, gwajinsa na farko a hannun mai shi ne. Yatsun da suka guntule da idanun da suka tsiyaye a cikin maharba daga nan suke.

Man da ake shafa wa harsashi kuwa aikinsa ya tausasa baƙin da albarushi ke bari, kada ya daskare. Ƙaramin abu ne, amma ya taɓa girgiza daula. A 1857 Turawan Ingila suka kawo wa sojojinsu na Indiya sabuwar bindiga ƙirar Enfield, wadda ake yage takardar harsashinta da haƙori. Labari ya bazu cewa da kitsen alade da na saniya aka shafe takardar. Musulmi da mabiya addinin Hindu suka ƙi taɓa ta, a watan Mayu tawaye ya ɓarke a Meerut. Da ma akwai tsofaffin koke-koke a ƙasa, kitsen nan ya tunzura su, kuma a 1858 mulkin kamfanin da ke riƙe da Indiya ya zo ƙarshe.

A Najeriya Dokar Makamai ta 1959 ta ce ko adaka sai da lasisi daga 'yan sanda, ƙera bindiga ko harsashi ba tare da izini ba kuma laifi ne. Wanda zai shiga sintiri ya san wannan tun daga ranar farko. Amma fashewar bindiga da kamun hukuma duk abubuwa ne da ake gani, ana jin tsoronsu. Abin da ya fi tayar mini da hankali ba shi da ƙara, kuma galibi ba maharbin yake fara kamawa ba.

Daga ina dalmar ke fitowa? Mafi yawa daga mataccen batir: na mota, na Keke Napep, da na sola da ya cika gidaje yanzu. A fasa shi, a zubar da ruwansa mai ƙuna a ƙasa, a narka farantan ciki. Dattin da ke tasowa a saman narkakkiyar dalma, wanda ake kwashewa a watsar gefe, shi ne ke bushewa ya zama gari mai laushi. In an zuga wuta ta yi ƙarfi, dalmar kan tashi cikin hayaƙi, a shaƙa ba a sani ba. Duk wannan in a gida aka yi shi, to a tsakar gida yake sauka, inda ake shanya hatsi, inda jariri ke rarrafe yana kai hannu baki. Dalma ba ta ruɓewa. Damina goma ba ta wanke ta daga ƙasa.

Jikin mutum ba shi da wani amfani da dalma, sai dai yana ruɗa ta da sinadarin kalsiyam da ke gina ƙashi, ya karɓe ta ya adana. Tana iya yin shekaru masu yawa a cikin ƙashi, in mace ta sami ciki ta fito cikin jini ta isa ga ɗan tayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba zai tsotsa daga dalmar da ya haɗiya, kuma babu wani adadi, komai ƙanƙantarsa, da aka tabbatar ba ya cutarwa. Kaɗan-kaɗan tana dakushe ƙwaƙwalwa, yaro ya taso ba ya riƙe karatu, a yi ta dukansa ana ce masa daƙiƙi. In ta yi yawa sai amai da farfaɗiya da suma. Babba kuma ciwon ciki da taurin bayan gida da ƙarancin jini da hawan jini, wani har wuyan hannunsa ya saki.

Mu a Arewa mun ga wannan da idonmu. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka iske yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma. Da farko an zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Ashe duwatsun zinare ne da ake dakawa a cikin gida, cike da dalma. Yara sama da 400 suka rasu. A 2015 aka sake gani a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Wanda ya fi kama da zancenmu shi ne na Senegal: a Thiaroye-sur-Mer kusa da Dakar, tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 suka mutu a unguwar da aka daɗe ana fasa tsofaffin batura. Babu ma'adini a wurin, batir ne kawai da ƙasar da ta sha dalma.

Naman daji ma bai tsira ba. Dalma mai laushi tana farfashewa a jikin dabba, ɓurɓushin da ido ba ya gani ya shiga tukunya. Saboda tsuntsayen da ke haɗiyar ta suna mutuwa Amurka ta hana harbin agwagin ruwa da dalma a 1991, Tarayyar Turai kuma ta hana a wuraren fadama daga 2023.

Ban ga amfanin a tsaya ana zagin maharba ba, mutanen da suka tsaya mana ranar da gari ya yi zafi. Amma tunda suna da shugabanni da ake jin maganarsu, kamata ya yi gargaɗin dalma ya fito daga bakin Sarkin Baka, ya isa ga masunta da masu gyaran batir da 'yan jari-bola. Kada a narka dalma a gidan da ake kwana, kada a taɓa ta da tukunyar girki. Wanda sana'arsa ta haɗa shi da ita ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci ko goro, ya tuɓe kayan aiki kafin ya ɗauki ɗansa. Shara da tsintsiya a busasshiyar ƙasa tayar da ƙurar kawai take yi. A Zamfara sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, domin maganin da ke fitar da dalma daga jini ba ya amfani in yaro zai koma gidan da ya kwaso ta.

Su kuma ma'aikatan jinya, daga ƙananan asibitocin unguwa har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, in aka kawo yaro yana farfaɗiya, maganin zazzaɓi ya ƙi ci, su tambayi uwarsa: "Hajiya, mene ne sana'ar maigida? Ana fasa batir ko narka dalma a gidan?" Gwajin jini ne kaɗai ke tabbatar da gubar, kuma sai an yi zarginta ake neman gwajin.