Ziyarar Ibada Zuwa Kogon Vaishno Devi a Ƙasar Indiya

Daga cikin mabiya addinin Hindu akwai waɗanda suka yi imani cewa ƙarfin da ke tafiyar da duniya siffar mace gare shi. Wannan ƙarfi shi suke kira Shakti, kuma sun keɓe masa wuraren bauta da dama. Ɗaya daga cikin mafiya shahara shi ne kogon Vaishno Devi, wanda ke bisa tsaunin Trikuta kusa da garin Katra, a yankin Jammu da Kashmir.

Maziyarta kan taso daga Katra su yi hawan kimanin kilomita 13, galibinsu a ƙafa, wasu kuwa bisa dawaki. A aƙidarsu, wahalar hanya ita ma ibada ce, kuma babu mai isa kogon face wanda “Uwa”, wato abar bautar, ta kira. Abin lura a nan shi ne, ba sassaƙaƙƙen gunki ake zuwa gani ba. Wasu dunƙulallun duwatsu ne guda uku, da suke ɗauka a matsayin Mahakali da Mahalakshmi da Mahasaraswati.

Sai dai kogon ƙarami ne, jama'a kuwa ba iyaka. A shekarar 1986 aka kafa hukumar kula da wurin, a 2012 kuma maziyarta suka haura miliyan 10. Ranar 1 ga Janairu, 2022, turmutsitsi ya hallaka mutum 12. Bayan haka ne aka soma bai wa kowane maziyarci katin lantarki, domin a san adadin waɗanda ke kan hanya.