KAREN DA YA ƁATA: YADDA ZA A MAI DA SHI GA MAI SHI BA TARE DA AN CUTU BA

'Yan'uwa, da kakar da ta wuce mun kai ziyarar aiki wani ƙauye a ƙasar Musawa, muka tarar gidaje biyu ba sa gaisawa. Da muka bi diddigi sai muka ji a kan kare ne. Wata tsohuwa tana da kare mai yi mata gadin rumbu. Ranar kasuwa ya bi amalanken jikanta, ya ɓace cikin taron jama'a. Bayan kwana uku ya ɓulla a wani ƙauye da ke kusa, ga yunwa ga tsoro. Yara suka bi shi da jifa, ya juyo ya ciji ɗaya a ƙafa. Nan take samari suka kashe shi, suka jefa gawar a rami. Uban yaron ya sayar da akuya ya yi ta jigilar ɗansa zuwa asibiti domin allura. Daga baya aka gano mai karen, aka kuma gano an yi masa allurar rigakafi, katin ma yana cikin adakar tsohuwar.

Tsohuwa ta rasa mai gadinta, magidanci ya rasa akuyarsa, zumunci ya lalace. Da an san mai karen tun ranar farko, da abin bai kai haka ba.

AMFANIN KARE A ƘAUYE

A wasu ƙasashe kare abokin wasa ne. A wurinmu ma'aikaci ne. Shi ke korar birai da ɓarayi daga gona, shi ke tsaron garke da rumbu, shi ke bin maharbi daji. A shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi kudancin Jihar Katsina, haushin kare da tsakar dare ya sha ba mutane damar tashi su tsira. Saboda haka wanda ya rasa karensa ya yi hasara ta gaske, kada mu mai da ita abin dariya.

ME KE SA KARE YA ƁATA?

1. Lokacin barbara. Karya takan nemi namiji kamar sau biyu a shekara, na tsawon mako biyu zuwa uku. A lokacin nan karnuka maza sukan bar gida su yi tafiya mai nisa.
2. Bin mutane zuwa kasuwa, biki, jana'iza ko farauta da rani.
3. Tsoro. Ƙarar bindiga, tsawa, da abin fashewa da yara ke wasa da shi lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara suna sa kare ya ruga har ya rasa hanya.
4. Gudun hijira. Idan mutane suka tashi da gaggawa, sau da yawa akan bar karnuka a baya.
5. Yunwa. Karen da ba a ba shi abinci zai tafi nema a juji da mahauta.
6. Zubar da 'yan kwikwiyo. Karya takan haihu bayan wata biyu da ɗaukar ciki. Idan an rasa masu karɓa, wasu sukan kai su bakin daji su yar. Waɗanda suka rayu su ne karnukan da ba su da mai su.
7. Sata. Akwai fataken karnuka da ke sayensu a Arewa su kai manyan kasuwanni irin ta Dawaki a Ƙaramar Hukumar Kanke ta Jihar Filato. Inda akwai mai saye, ba a rasa mai sata.

WA KE KULA DA DABBAR DA TA ƁATA?

A Ingila kowace ƙaramar hukuma tana da alhakin kama karnukan da ke yawo. Takan tsare kare har kwana 7 tana jiran mai shi. Tun shekarar 2016 doka ta wajabta a sa wa kowane kare wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, wadda ke ɗauke da lambar da za a gane mai shi da ita.

Mu a ƙauyukanmu ba mu da gidan ajiye karnuka, ba mu da na'ura. Amma muna da tsari tun na kakanni. Wanda ya tsinci akuya ko jaki yakan kai wurin mai unguwa ko dagaci, a ɗaure, a yi shela, a yi cigiya ranar kasuwa. Mai abu ya zo ya faɗi kamanni, ya kawo shaida, ya biya kuɗin kiwo, ya karɓi abinsa. Wannan ya yi daidai da abin da Littafin Maimaitawar Shari'a sura 22 ya koyar game da dabbar ɗan'uwa da ta ɓata, wato a mai da ita, in ba a san mai ita ba a ajiye har ya zo nema. Matsalar ita ce ba mu saba sa kare cikin wannan tsari ba. Akuya a kai ta gidan mai unguwa, kare kuwa a bi shi da dutse.

Akwai kuma malaman dabbobi na gwamnati. A tambaya a sashen aikin gona na ƙaramar hukuma, a san wanda ke kula da yankinku, a karɓi lambar wayarsa tun kafin buƙata ta taso.

KAFIN KARE YA ƁATA

Rigakafi ya fi magani. Ga abubuwa huɗu da kowane gida zai iya yi:

• A ɗaura masa alama a wuya. Tsinken fata ko igiya mai laushi ya isa. A rubuta lambar waya da sunan ƙauye a kan guntun gwangwani ko roba, a lanƙwashe bakin don kada ya yanke shi. Kada a matse, a bar wurin da yatsu biyu za su shiga. Kada a yi amfani da waya ta ƙarfe.
• A yi masa allurar haukan kare tun yana wata 3, a riƙa sabuntawa kowace shekara ko yadda malamin dabbobi ya ce. A adana katin tare da takardun gida.
• A ɗauki hotonsa a waya. Karen bana shi ke maganin zomon bana. Hoto ɗaya a WhatsApp ya fi dogon kwatance.
• A ba shi abinci da ruwa a wuri ɗaya kullum, a ɗaure shi ranar kasuwa da lokacin barbara. In ba a son 'ya'ya, a nemi shawarar malamin dabbobi a kan fiɗiya. Karen da aka fiɗiye ba ya yawan yawo.

IDAN KARENKA YA ƁATA

Kada ka jira ya dawo da kansa har mako ya wuce. Tun ranar farko ka sanar da mai unguwa. Ka bi hanyar da aka ga ya bi, da sassafe ko da yamma, kana kiran sunansa. Ka duba mahauta, juji, bakin rafi da gidajen da ke da karya. Ka gaya wa 'yan acaɓa, 'yan banga, maharba da Fulani makiyaya, domin su ne ke ratsa daji da ƙauyuka kullum. Ka ba magatakardan ikilisiya ya sa cikin sanarwar Lahadi, a kuma aika wa ikilisiyoyin da ke maƙwabtaka. Ranar kasuwa ka yi cigiya. In gudun hijira kuka yi, ka bar sallahu wurin waɗanda ke leƙa tsohon gari, amma kada ka sa ranka cikin haɗari saboda kare.

Idan ya dawo da rauni irin na cizo, ka ɗaure shi nesa da yara, ka kira malamin dabbobi a ranar, domin ba ka san abin da ya cije shi ba.

IDAN KA GA BAƘON KARE

Da farko ka tsaya daga nesa ka lura. Karen da ya ɓata yakan sa wutsiya tsakanin ƙafafu, yana guje wa mutane, yana neman inuwa da ruwa. Hana yara jifa. Kada a bi shi da gudu, kada a rutsa shi a lungu, gama ko lafiyayyen kare yana cizo in ya rasa mafita. A ajiye masa ruwa da ɗan tuwo a cikin kango ko zagayen da za a iya rufewa. Babba wanda ya saba da karnuka ne kaɗai zai matsa kusa ya duba wuyansa. Sa'an nan a sanar da mai unguwa.

Wanda ya zo ya ce nasa ne, ya fara faɗin kamanninsa kafin a nuna masa: launi, tabo, namiji ko mace. A lura da yadda karen zai yi in ya ji muryarsa. Kare ba ya ɓoye ubangidansa. In karen ya yi ɓarna, ya kashe kaji ko ya raunata akuya, mai shi ya biya a gaban mai unguwa, ya kuma gode wa wanda ya ciyar da shi. In an yi mako biyu ba wanda ya zo, mai unguwa ya ba wanda ke so a gaban shaidu, da sharaɗin za a yi masa allura.

Mu kuma tuna da maƙwabtanmu Musulmi. Da yawansu ba sa son kare ya shiga gida, ko ya taɓa tufafi, tabarma da tulun ruwa. Barin karenka yana yawo a ƙofar masallaci ko cikin gidajen mutane rashin ganin girman maƙwabci ne, kuma ƙaramin abu irin wannan yana iya haddasa babbar fitina.

ALAMUN MAHAUKACIN KARE

Akwai karen da ba a kusantarsa ko kaɗan. Ga alamu:

• Halinsa ya sauya farat ɗaya, mai sanyi ya zama mai faɗa, ko mai faɗa ya yi laƙwas.
• Yana cizon duk abin da ya tarar, itace, dutse, ƙasa ko dabba.
• Miyau na dalala, baki a sake, murya ta shaƙe.
• Yana tangaɗi, ko ƙafafun baya sun mutu.

Wani ba ya faɗa, sai dai ya kwanta baki buɗe kamar ƙashi ya maƙale masa. Kada kowa ya sa hannu a bakinsa. A shigar da yara da dabbobi, a kira malamin dabbobi da mai unguwa. In dole ta sa aka kashe shi, kada a fasa kan, domin ƙwaƙwalwar ce ake gwadawa a tabbatar da cutar. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana yin wannan gwaji, tana kuma sarrafa allurar karnuka. Kada a feɗe, kada a ci, kada a sayar wa fatake.

IDAN KARE YA CIJI MUTUM

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare yana kashe mutum kamar 59,000 kowace shekara, yawanci a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 daga karnuka suke ɗauka, kuma kamar 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana cikin miyau. Takan bi jijiya a hankali zuwa ƙwaƙwalwa, sau da yawa cikin wata ɗaya zuwa uku, wani lokaci ƙasa da haka ko fiye. Shi ya sa rauni kan warke, mutane su manta, sai cuta ta bayyana daga baya. Da zarar alamu sun fito, kusan ba mai tashi. Amma kafin su fito ana iya tare ta. Tun 1885 wani masani a Faransa, Louis Pasteur, ya ceci yaron da mahaukacin kare ya cija ta hanyar allura.

Ga abin yi:

1. A wanke raunin nan take da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15. A duba agogon waya, minti 15 yana da tsawo.
2. A shafa aidin in akwai. Kada a sa toka, barkono, ƙasa, sassaƙe ko gashin karen. Kada a ɗaure da tsumma tamau.
3. A tafi asibiti a ranar, ko da yakushi ne kawai. Allurar ba ɗaya ba ce, akwai ranakun komawa. A cika su duka.
4. A tsare karen kwana 10 ana ba shi abinci, ana lura da shi. In yana da cutar a miyaunsa lokacin da ya yi cizon, zai nuna alama ko ya mutu cikin waɗannan kwanaki. In ya wuce su lafiya lau, a gaya wa likita, shi zai yanke ko za a dakatar da sauran alluran. Amma kada a zauna jiran kwana 10 kafin a fara.

A nan ne za ku ga kuskuren samarin da na ambata da farko. Da suka kashe karen suka yar, sun ɓatar da shaidar da za ta kwantar wa iyayen yaron hankali, ta kuma rage musu ɗawainiya.

ZUBA GUBA BA MAFITA BA CE

Idan karnuka suka yi yawa, wasu sukan zuba maganin ƙwari a nama su ajiye a hanya. Wannan yana kashe karnukan gida masu allura, da kaji, da ungulaye, yana kuma iya kai wa ga ƙaramin yaro. Bayan 'yan watanni wasu karnukan su cike gurbin. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa karnuka 7 cikin kowane 10 na yanki allura, aka riƙa maimaitawa, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa. Da wannan ne hukumomin duniya suka sa burin kawo ƙarshen mutuwar mutane daga haukan kare nan da 2030. Ana tunawa da wannan yaƙi kowace ranar 28 ga Satumba.

ABIN DA ZA MU IYA YI TARE

Littafin rubutu ɗaya ya isa a fara. A rubuta kowane gida mai kare, kamanninsa, da ranar allura. A ajiye kwafi wurin mai unguwa, a buɗe shi ga kowa, Kirista da Musulmi da Fulanin ruga. Masu karnuka su haɗa kuɗi su gayyato malamin dabbobi rana ɗaya, domin ya fi sauƙi bisa ga kowa ya je shi kaɗai, kuma allurar tana bukatar sanyi a hanya. Zumuntar Mata da malaman makarantar Lahadi su koya wa yara abu uku: kada a jefi kare, kada a taɓa karen da ke ci ko shayarwa, kuma in an cije ka ka faɗa nan da nan. Iyaye kuma kada su doki yaron da ya faɗa, gama tsoron bulala ya sa yara da yawa sun ɓoye cizo.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Karnuka nawa ne a ƙauyenku, nawa ne ke da katin allura?
2. Wa ke da lambar malamin dabbobi mafi kusa da ku?
3. Wane asibiti ne mafi kusa da ake samun allurar cizon kare? Wa zai je ya tambayo a wannan mako?
4. In baƙon kare ya shigo gobe da safe, ina za a tsare shi, wa zai ciyar da shi?

Ku tattauna, ku rubuta abin da kuka yanke, ku kai wa mai unguwa. Allah ya kiyaye mu da iyalanmu da dabbobinmu.