Kalandar hoto: abin lura kafin a kai wa mai bugawa

A Jahun da Dutse, kamar sauran ƙasar Hausa, an saba raba kalanda mai hoton ango da amarya ranar biki. Yanzu da wayar hannu ta wadata, mutum na iya haɗa hotunan iyalinsa ya buga kalanda ɗaya ko biyu, ya kai wa mahaifiya ko ɗan'uwa da ke nesa.

Matsalar farko ita ce hoton kansa. WhatsApp na matse hoto idan an tura shi kai tsaye, sai ya fito dishi-dishi a takarda mai faɗin A3, wato santimita 29.7 da 42. A tura shi a matsayin fayil, ko a kai wayar shagon a kwafa.

Sai kwanan wata. Shekarar Hijira kwana 354 ko 355 ce, shi ya sa 2026 ta ratsa 1447 da 1448. Lissafin da masu bugawa ke saukewa daga intanet hasashe ne. A Najeriya sanarwar Sarkin Musulmi kan ganin wata ake bi, kuma bambancin kwana ɗaya ba baƙon abu ba ne.

Abin da ya fi nauyi shi ne izini. Kalanda ba ta zama inda aka kai ta. Takan ƙare a bangon shagon aski ko teburin mai shayi. A tambayi matar da ke cikin hoton, ko mijinta, kafin a buga. Ayar Alƙur'ani kuwa gara a bar ta, domin tsohuwar kalanda ce ake yagewa a ƙunshe ƙosai.